Cinikin Jar Mota

Ƙarfe uku da rabi Dogo yana tsugune a gaban madubin wata jar mota a shagon sayar da motocin da yake aiki, yana gwada gaisuwa. "Ina wuni, Baba. Mun same ku lafiya?" Ya sake faɗa da murya mai kauri, ya ga ta fi.

Wata takwas yana zarya zuwa wani kantin magani, yana sayen maganin murar da ba ya yi, kafin yarinyar da ke bayan kanta ta yarda ta yi masa murmushi. Yau ƙarfe biyar za a gan shi a gidansu. Ta kuma ja masa kunne: a gidansu sau ɗaya ake duba mutum, wanda ya makara kada ma ya wahalar da kansa.

Yana miƙewa wata tsohuwa ta turo ƙofar gilashi, da lema a hannu da awarwaron zinare har gwiwar hannu. Ta wuce manyan motocin iyali ko kallo ba ta yi musu ba, ta tsaya a gaban jar, wadda ta fi kowace gudu da tsada a shagon. Ta dubi motar sau ɗaya, ta dubi Dogo tun daga takalmi har hula.

"Ɗan nan, nawa wannan 'yar jar?"

"Miliyan casa'in, Hajiya."

"Da shagon?"

Ta taya sha biyu. Dogo ya ce albarka, ya saci kallon agogo. Daga ofis Manaja ya hango zinaren, ya ɗaga masa yatsa, alamar idan ta fita hannu rabbana shi ma ya bi ta.

Hajiya ta ƙwanƙwasa taya da lema kamar mai zaɓen kankana. Ta ce motar ba rufi, a cire kuɗin rufi. Ƙofa biyu ce maimakon huɗu, a cire kuɗin biyun da aka ɓoye. Kujerun ma biyu, to ina mutum zai sa surukarsa? Dogo ya ce ai rufin naɗewa yake, ya danna ya nuna mata. Ta ce wannan ai tabarma ce.

Ƙarfe huɗu ya je wurin Manaja, ya dawo da tamanin da biyar. Ta ƙara rabin miliyan, ta tambaye shi ko ya yi sallar la'asar. Huɗu da kwata ya dawo da tamanin da biyu. Ta tambaye shi nawa ake ba shi la'ada a ciki. Ya faɗa mata gaskiya, ya ce ya ma yafe tasa, ita dai ta sallame shi.

"Haka kake yafe kuɗi da sauƙi?" Ta girgiza kai. "To, in na saya, waccan farar ta bakin ƙofa ita ce gyarana."

"Hajiya, ba a gyara a mota."

"Barkono ma ana yi."

Huɗu da rabi ta ce ba ta sayen abin da ba ta zauna a ciki ba. Shiga ba ta yi wuya ba, faɗawa kawai ta yi. Fitar ce ta gagara. Gwiwoyinta suka tokare sitiyari, lema ta maƙale a giya, ta shiga salati tana cewa an binne ta da rai. Dogo ya ja kujera baya, ya durƙusa ya ba ta kafaɗa ta dafa. Kafin ta fito, rigar da ya kwana yana gogewa ta koma tsumma.

Yana nan durƙushe yana haki ya ce, "Hajiya, don Allah kada ki sayi motar nan. Mai take sha kamar an huda ta, kuma gwiwarki ba za ta yafe mini ba. Farar can ta fi dacewa da ke, kuɗinta ko kwatan wannan bai kai ba."

A ofis aka ji kofin shayin Manaja ya faɗi.

Hajiya ta gyara mayafi ta ce dama ba ta fito da kuɗi ba. Wanda ya kawo ta kuma ya tafi, ƙafarta ga yadda motarsu ta mayar da ita. Agogo ya nuna biyar saura biyar. Idan ya fita yanzu shi kaɗai, ya taka akwalar motarsa da ƙarfi, zai iya kaiwa. Ya dubi ƙofa. Ya dubi tsohuwar da ke dafe da gwiwa. Ya tuna murmushin da ya sha maganin mura kwalba goma sha ɗaya kafin ya samu.

"Mu je in kai ki, Hajiya."

Ta bi da shi lungu-lungu, hanyoyin da bai taɓa bi ba, tana cewa ya rage gudu, ya kauce wa rami, ya gai da mai faci. Biyar ta wuce. Biyar da kwata ta wuce. Dogo ya daina kallon agogo, ya fara shirya yadda gobe zai wuce kantin magani kansa a ƙasa.

Suka ɓullo ta bayan wani layi, ta ce ya tsaya. Sai da ya ja birki ya gane koren ƙyauren gidan da ake jiransa, ya kuma ga yarinyar kantin maganin tana leƙowa ta taga tana toshe baki da gefen mayafi. Tsohuwar ta sauko garau, ba ɗingishi, ta buga ƙyauren da lema, ta ɗaga murya:

"Ku fito, na gama duba muku shi! Ku ba shi jikata, amma ita za ta riƙa zuwa kasuwa."