Bel ɗin Mma Muniratu

"Yau ma ban samu ba, Mma," in ji Aziz mai gyara. "Har Bronx na duba. Injin ya tsufa, irin bel ɗinsa ya yi wuya."

Ƙarya yake yi. Bel ɗin da ke juya gangar injin busar da kayan yana cikin jakarsa tun watan jiya, lambarsa daidai. Amma in ya ɗaura, me zai sake kawo shi unguwarta, Stapleton, ranar Asabar? Duk faɗin New York, a gidan Mma Muniratu kaɗai ake ce masa "ɗana", a ajiye masa tuwo da miyar ayoyo. Ɗakinsa kuwa, ko sallama ya yi, bango ke amsawa.

Sai ya ga tsohuwar tana miƙa hannu da kyar, tana shanya jiƙaƙƙen zane a igiyar da ta ɗaura a falo. Kunya ta kama shi. Tana shiga kicin ya zaro bel ɗin, ya kwance murfin injin.

Gangar da ɗuminta. Ga sabon bel a jikinta, wani ya riga ya ɗaura.

Ya waiwayo. Tana tsaye a bakin ƙofa da kwano a hannu.

"Maƙwabcina ya sa min tuntuni," ta ce. "Ranar Asabar kawai nake zare wayar wutar injin in yi shanya. Mayar da murfin, ɗana, tuwo zai huce. Mako mai zuwa sai ka ci gaba da nema."