Digirin Tsallen Kwaɗo

Malam Muhtari na Sakajiki ne ya cuci Zuhura, ya cuci ɗanta Zayyanu, kuma da baki ya yi cutar. A rubuta sunansa da kyau, kada gobe ya ce wani Muhtarin ake nufi.

Ga yadda aka yi. Zuhura ba ta taɓa shiga aji ba, amma tun rasuwar mijinta ta ɗaure wani sa na kiwo a bayan ɗaki, ta ce na karatun autanta ne. Dusa, harawa, kanwa, ba abin da san nan bai ci ba, har 'yan unguwa suka sa masa suna Ɗan Jami'a. Da takardar ɗaukar Zayyanu a jami'a ta fito, sai ta kai wa Muhtari ƙanin mijinta, tunda shi ya gama firamare, shi ke karanta wa unguwa wasiƙa.

Ya gyara zaman tabarau, ya duba, ya girgiza kai.

"Fiziks? Ai fizikal ne wanga! Mun yi shi aji uku. Hannu sama, hannu ƙasa, sai tsallen kwaɗo cikin gajeren wando."

Zuhura ta dafe ƙirji. "Shekara huɗu?"

"Huɗu cur. In ya yi ƙoƙari a ba shi usur."

Zayyanu ya ce, "Baffa, ba shi ba ne. Ilimin wuta ne da haske da..."

"Yi man shiru! Na riƙe alli tun ba a haife ka ba."

Zuhura ta dubi yaro, ta dubi tabarau, ta yarda da tabarau. Ta ce ba ta yi shekaru tana yankan ciyawa don a koya wa ɗanta tsalle ba, abin da awaki ke yi kyauta. Aka kai Ɗan Jami'a kasuwar Shinkafi, aka sayo babur. Muhtari ne dillalin sa, shi ne dillalin babur, ya ci la'ada sau biyu. Zayyanu ya ninke takardarsa ya shiga kabu-kabu.

Bayan shekara bakwai sai ga mota cike da faifan sola, an zo haɗa wa gari famfon burtsatse. Mai aikin ba kowa ba ne sai Mujahid na garin Ɗan Isa, wanda suka zauna benci ɗaya da Zayyanu, takardunsu suka fito rana ɗaya. Ma'aikata shida ke bin umarninsa, ya yi wa uwarsa rufin kwano, ƙannensa duk suna makaranta.

Zuhura ta dama fura ta kai masu.

"Ɗana, Allah shi yi albarka. Mi ka karanta haka?"

"Fiziks, Inna."

Ludayi ya kuɓuce mata. "Kai ma tsallen ka yi?"

Da ta ba shi labari, Mujahid ya yi dariya har hularsa ta faɗi. "Inna, tsalle ɗaya na taɓa yi, ranar da aka biya ni aikina na farko. Ba kowa ke sayen mota da karatun nan ba, kada in yi maki ƙarya. Cikin 'yan ajinmu wasu na koyarwa, wani na kula da injin hoto a asibiti, wani har yau yana neman aiki. Amma ba wanda aka ba usur. Kuma Zayyanu ya fi ni lissafi, shi ke koya mani."

Ta waiwaya. Ga Zayyanu can yana sauke naɗin waya daga babur, ana miƙa masa kuɗin dako. Ya ji komai, bai ɗago kai ba. Shekara bakwai bai taɓa ce mata "na gaya maki" ba, kuma wannan shirun ya fi zagi zafi.

Ba ta tsaya kuka ba. Ta sayar da awakinta ta ɗaure ɗan maraƙi, ta sa masa suna Fiziks don bakinta ya saba. Mujahid ya ɗauki Zayyanu aiki, ya sa shi ya sake cike takardar jami'a. Amma shekara bakwai ɗin nan, wa zai mayar masa?

Jama'a, in takardar ɗanku ta fito, ku tambayi wanda ya yi karatun, ba wanda ya ji mai kama da sunansa ba. Wanda kuma bai sani ba, ya ce bai sani ba, ba a ɗaure kowa a kan haka.

Saura Muhtari. Dole ya fito ƙofar mai unguwa, ya dawo da la'adar nan biyu, ya faɗi da bakinsa gaban jama'a cewa bai sani ba. In ya ƙi, ya sa gajeren wando ya yi tsallen kwaɗo daga bakin kasuwa har burtsatse. Zuhura ta riga ta sayi usur.