Ashirin Sau Biyu

Injina uku Kawu Kuwabara ya jera a kan kantar shagonsa, kowanne da ƙugiya da igiya da madannin lantarki: mai ɗaukar kilo hamsin, mai ɗari, mai ɗari biyu. Ryohei ya zagaye su, hannu a baya, sai ka rantse ya taɓa sayen inji a rayuwarsa.

Rufin jif ɗin babansa yake so ya sauke. Irin rufin nan ne da ake kwancewa a ajiye gefe. Duk shekara, da sanyi ya janye, shi da Baba suke sauke shi, a bi hanyar bakin teku, iska tana wasa da gashin Mama. Bana Baba yana cikin farin tulu a falo, kusa da hotonsa. Gobe kwana arba'in da tara da rasuwarsa, ranar kai tokarsa makwanci. Abu ɗaya Mama ta roƙa: a bi da shi ta bakin teku, mota a buɗe.

Ryohei ya ce an gama, a gaban dangi ya faɗa. 'Yan uwa biyu suka ce za su kama masa, ya ce a'a. Ba wanda zai tsaya a wurin Baba. Gara inji.

"Kilo nawa ne rufin?" in ji Kawu Kuwabara, wanda tun firamare yake abokin Baba Masakatsu.

Nan gogan naku ya yi lissafi, shi da lissafi ya koro daga aji biyu na sakandare. Shekara tara yana ɗaga rabin rufin nan, kafaɗarsa ta san nauyinsa kamar yadda ta san buhun shinkafa. Bai wuce kilo ashirin ba.

"Ashirin sau biyu, arba'in. Ba ni mai hamsin, har da canji."

Tsohon ya dube shi ta saman tabarau. "Ɗan Masakatsu, da ka ɗauki mai ɗari."

"Kawu, rufi zan ɗaga, ba saniya ba."

Da la'asar Kawu ya zo da tsani, ya kafe injin a katakon saman gareji. Garejin nasu matsattse ne, in mota ta shiga ko kyanwa sai ta karkace kafin ta wuce ta gefe. Shi ya sa ba a kama rufin hagu da dama. Ɗaya ya hau kujerar mota ya tallafi gaba, ɗaya ya tsaya a ƙasa ta baya, wajen da gilasan tagogi uku suke. Baba kullum baya yake zaɓa. Wai shi gajere ne, kuma hawa kujera na sa shi jiri.

Sai su haɗa baki su ce "se-no", kalmar da kowa yake faɗi in za a ɗaga abu tare, rufi ya tashi. Baba ya ce, yana haki, "Kai, bana ƙarfinka ya ƙaru." Daga nan tsohon ya kwana uku a kwance a ƙasa yana kallon talabijin, gidan duk warin man zafi. Ryohei yakan tsokane shi: "Baba, ka tsufa. Ni ko gumi ban yi ba." Labarin nan ya ba abokai, ya ba budurwa, har a zaman makoki ya ba shi, mutane suka yi dariya a hankali.

Shi da Kawu suka zura igiyoyi ƙarƙashin rufin. Ryohei ya danna. Injin ya yi gurnani, gaban rufin ya ɗaga kamar mai gaisuwa, sai jar fitila ta kama, komai ya tsaya. Ya sake dannawa. Shiru.

"Ya lalace."

"Lafiyarsa ƙalau," in ji Kawu. "Ya fi ka hankali ne."

"To a kawo mai ɗarin."

"Sai an ƙara katako a sama. Aikin kwana biyu."

Ta tagar falo Ryohei ya hango Mama tana goge farin tulun da gefen rigarta, kamar mai share wa yaro fuska kafin tafiya.

Kawu ya cire takalmi, ya hau kujerar mota da ƙyar. Shekararsa saba'in da huɗu, gwiwa ɗaya ba ta lanƙwasuwa. "Ni dai ba zan tsaya wurin babanka ba, ka ce ba ka so. Kai ka tsaya."

Ryohei ya zagaya baya. Fentin gefen rufin ya goge wuri biyu, daidai tafin hannu. Ya sa nasa a kai.

"Se-no."

Wani abu ya tsaga masa baya tun daga wuya har ƙugu. Idonsa ya yi duhu, numfashi ya ƙi fita. Bai saki ba. Ya cije, ya tura da ƙirji, da goshi, da duk abin da ya rage masa, har rufin ya rabu da motar, hasken yamma ya zuba a kan kujerar da Mama za ta zauna gobe.

Da ƙyar ya ɗago kai, don ya ga ko tsohon yana da sauran rai.

A can gaba, inda Ryohei ya shekara tara yana nuna ƙarfi, Kawu Kuwabara yana riƙe da rufin da hannu ɗaya, ɗayan yana sosa kunne.