Saƙon da ba ya nuna fuska

Salular Cima ta buɗe saƙon, allon ya tsaya baƙi ƙirin, murya kaɗai ke fita. Muryar Isaka ce, yana gaishe ta daga Aljeriya, yana cewa lafiyarsa lau, ƙanensa Yaƙubu ma yana gaisuwa.

Isaka ɗanta ne na fari. Bisa al'adar mutanen Adar, ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta kuma tambayar lafiyarsa a gaban mutane. Wata huɗu ke nan da labari ya iso ƙauyensu Babankatami cewa ramin zinariya ya rufta da wasu 'yan bida, wato 'yan ci-rani, a inda 'ya'yanta biyu suke. Tun lokacin Yaƙubu, mai gyaran salular mahaƙa, bai sake kira ba, gaisuwarsa kawai ke zuwa a bakin wansa. Kunya ta hana ta faɗin abin da ke cin ta game da ɗanta na fari, sai ta aika cewa gida na son bidiyo na wanda ya aiko saƙo. Bidiyon ya zo har sau uku, kowanne babu hoto.

Ta gwada salular liman, ta gwada ta maigari, duka baƙi. Ranar kasuwa ta hau mota zuwa Madawa, aka nuna mata rumfar Mahfuzu mai gyara, kusa da tasha.

"Wagga salula ta lalace, ɗana. Mi ya same ta?"

Mahfuzu ya duba, ya girgiza kai. "Lafiyatta lau, Inna, ta ma fi tawa. Kowane bidiyo da irin ɗaurin da anka yi mai. Akwai ɗaurin da anka bar ma kowa, akwai wanda kamfani ya kulle, sai masu ƙera salula sun sayi izini. Taki ta san ɗaurin muryar, ba ta san na hoton ba."

"To ku masu ilimi, hoton ma sai da izini?"

Ya yi dariya. "Haka duniya ta koma. Amma wanda ya aiko wanga ya san aiki. Salula ba ta yin irin wanga ɗauri da kanta, sai an zaɓa."

Ya ce zai kwance shi a odinato, wato kwamfuta, ya mayar da shi irin na kowa. Cima ta zauna a kan benci tana jan carbi. Wani layi shuɗi yana tafiya a kan allo sannu a hankali, ita kuwa tana roƙon Allah abin da bakinta bai taɓa iya furtawa ba. Aka kira azahar, ba ta motsa ba sai da layin ya cika.

Mahfuzu ya danna, ya riga ta gani. Mutumin da ke cikin hoton kuka yake yi alhali muryarsa na murmushi. Sannan ya juya mata allon.

"Inna, ni ne Isaka, lafiyata lau," in ji muryar.

Cima ta matso da fuskarta, ta daɗe tana kallo, carbin ya zame daga hannunta. Mai maganar Yaƙubu ne, zaune shi kaɗai, yana gaishe ta da muryar wansa.