Gansakukar da ke Cikin Ƙanƙara

Tunda ka ce aikinka bai kai a faɗa a gaban mutane ba, saurari wannan. An yi wani masunci a Yawuri da ya sayar da jirginsa ɗaya don 'yarsa Balaraba ta yi karatu. Ta yi nisa har Turawa suka ɗauke ta bincike can ƙarshen arewacin duniya, inda teku ke daskarewa mutum ya taka. Da aka tambaye shi me take yi, ya faɗi gaskiya: huda ƙanƙara take, tana duba wata gansakuka da ido ba ya gani. Masunta suka kwashe da dariya, suka ce ashe jirgi guda ya tafi a kan dattin ruwa. Tun daga ranar, in an ambaci Balaraba sai ya sunkuyar da kai yana ɗinkin koma. Ya ƙudura in ta dawo zai ce ta bar aikin.

Ta zo hutu, leɓɓanta duk sun tsage don sanyi. Kafin ya buɗe baki ta nuna masa hoton gindin ƙanƙarar, launinsa kamar ruwan shayi. Ta ce launin nan gansakukar ce, halittu ne masu rai, suna maƙale cikin 'yan ramukan ruwan gishiri, watanni cikin duhu, ba su mutuwa. Rana na leƙowa sai su yaɗu. Ƙananan jatan lande su ci su, kifi ya ci jatan lande, manyan namun teku su ci kifi. Ga shi kuma ƙanƙarar tana raguwa, shi ya sa ake auna su.

Tsohon ya daɗe da hoton a hannu. Shekara arba'in yana su, ya sani sarai kifi ya fi ƙiba a fadamar da ruwanta ya yi kore, bai taɓa tambayar dalili ba.

"Ashe gonar kifi kike gadi," in ji shi.

Da hutu ya ƙare, da kansa ya raka ta tasha, ya cusa mata man kaɗe a jaka saboda leɓɓan. Ya koma bakin ruwa, masu dariya na nan, ya zauna a tsakiyarsu ya yi musu bayani tiryan-tiryan.

Ka ji dalilin da Hausawa ke cewa, komai ƙanƙantar allura, ƙarfe ce.