Littafin da Chizuru Ba Ta Ƙarasa Ba

Jan alƙalamin Malam Kuwabara ya kusa ƙarewa, tulin takardun kuwa ko gezau. Duk shekara haka ne: da an dawo hutun bazara, kowane ɗalibi zai miƙo sharhin littafin da ya zaɓa da kansa. Malam ba ya karanta littattafan. Wa ke da wannan lokacin? Jigo yake dubawa, da halayen taurarin labari, da darasi, shi ke nan.

Bana kuwa wuta ce a bayansa. Shugaban makaranta ya faɗa masa a gaban malamai, da murmushin nan da ya fi mari ciwo, cewa rabonsu da cin gasar sharhi ta lardi har an manta. In bana ma aka tashi a tutar babu, wani za a ba ajin adabi.

Yara kuma, Allah ya sawwaƙe, rabinsu iyaye suka rubuta musu, sauran sun kwafo. Yana shirin jefar da alƙalamin sai ya ci karo da takardar Ishimaru Chizuru, yarinyar kujerar bakin taga, wadda ke yawo da rigar sanyi a wannan zafin da ko gyare sai da ya gaji da kuka. Rubutun a karkace, kamar da hagu aka yi shi. Amma ya karanta har ƙarshe, shayin sha'irinsa mai sanyi har ya ɗumama bai taɓa ba.

Littafin da ta zaɓa labarin wata yarinya ne marar suna, a wani gida mai shuɗiyar ƙofa bayan masana'antar ƙanƙara. Uwa ta tafi. Uban, tun da aka sallame shi daga jirgin kamun kifi, ba ya magana sai da ƙugiyar jan ƙanƙara. In ya gaji, ya kulle ta a rumfar akwatunan kifi.

Malam ya lashi baki. Ga gasa ta zo hannu. Ya kira ta ofis.

"Ishimaru, kina da alƙalami, amma wannan ba sharhi ba ne, labarin kika maimaita mini. Ina jigo? Uban nan wakiltar me yake? Sannan tauraruwar taki ba ta da baki ne? Me ya hana ta gaya wa wani babba?"

Ta dubi takardar, jan alƙalaminsa ya rufe rubutun kamar an yanka kaza a kai. Ta sunkuya ta karɓa da hannu ɗaya. Yaran zamani, ko karɓar abu da hannu biyu sai an koya musu.

Ranar Laraba ta kawo gyara. Ta saka jigo yadda ya ce: tsoro da kaɗaici. Ta kuma amsa tambayarsa da layi biyu. Tauraruwar ta gaya wa wani babba, a rubuce, don ba ta iya faɗa da baki ba. Shi kuma ya mayar mata da takardar.

"Yauwa, yanzu kika zo!" Malam har da buga tebur. "Kin ga wannan babban? Ba mutum ba ne, alama ce. Al'umma ce mai ido ba ta gani. Rubuta haka, alƙalan gasa suna mutuwar son irin wannan."

Ta tsaya tana kallonsa, har sai da ya tsargu ya shafa gemunsa ko akwai ƙwayar shinkafa.

"Saura ƙarshe. Ba ki faɗi yadda ta ƙare da yarinyar ba."

"Ban kai ƙarshen ba tukuna, Malam."

Ransa ya ɓaci sosai. Ashe duk wannan wahala a kan littafin da ba a gama karantawa ba yake yi! Ya yi mata tatas. Ya ce ragwanci ne, ya ce sharhi babu ƙarshe kamar jirgi ne babu gindi.

"Malam, in na tsaya a nan bayan an tashi fa? Ko a ɗakin karatu ne."

"Ana rufe ƙofa da yamma, kin sani. Tafi gida ki ƙarasa shi. Litinin nake son ganinsa a teburina."

Ta sunkuya. A bakin ƙofa ta ɗan dakata, sannan ta ja ta a hankali.

Litinin kujerar bakin taga babu kowa. Uban Chizuru ya bugo waya da sassafe, wai zazzaɓi ne, kada a wahalar da kai zuwa dubiya. Malam ya yi tsaki. Ranar rufe gasa ta matso, ga ƙa'ida sai an rubuta kamfanin da ya buga littafin. Ya yanke shawarar ya aro littafin, ya leƙa shafin ƙarshe, ya ƙarasa mata da kansa. Ba shi ne farau ba.

Malama Odagiri mai kula da ɗakin karatu, haifaffiyar garin, ta buga sunan littafin a na'ura. Ta sake bugawa da sunan marubucin. Ta duba jerin littattafan lardi, ta duba na ƙasa baki ɗaya.

"Kawo takardar in gani, Malam, wataƙila kai ne ka karanta ba daidai ba. Tsufa ai ba ya sallama."

Ta gyara tabarau tana dariya. Ba ta gama shafin farko ba dariyar ta ɗauke. Ta ɗago ta dube shi.

"Malam, ba a taɓa buga wannan littafin ba. Amma shuɗiyar ƙofar nan ta bayan masana'antar ƙanƙara, kullum ta gabanta nake wucewa. Gidan su Ishimaru ne."