Ranar da Baba ya kwantar da ganyen albasa

Wata la'asar a fadamar Kwalkwalawa, ina yarinya, na ga Baba yana kwantar da ganyen albasarsa da ƙafa. Na fashe da kuka, don na ɗauka haushi ne ya sa yake lalata gonar da ya sha wa wahala.

Ya tsuguna ya share mini hawaye, hannunsa duk warin albasa.

"Bar kuka, ɗiyata. Ganyen ga ya gama aikinai. Abincin da ya dafa da hasken rana, yanzu ƙasa za shi, albasa ta yi ƙiba."

Bana na kai masa jikokinsa. Ya fito tarbarmu a ranƙwafe, yana dogara sanda. Na dubi bayansa, na dubi kumatun yarana, sai idona ya yi yaji, alhali babu albasa a kusa.